Baturen da Ya Hana Ni Zuwa Madina

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa.

Tun da na dawo daga aikin haji zaurena bai huta ba. Duk wanda ya shigo yi mini barka, da ya kurɓi zamzam ya ɗauki dabino, tambayarsa ɗaya ce: Alhaji, yaya Madina? Na gaji da kawar da kai. Ban je Madina ba. Na yi ɗawafi, na tsaya Arfa, amma ban tsaya gaban kabarin Manzon Allah na yi masa sallama ba, alhali tun ina yaro wannan tsayuwar nake buri. Wani saurayin Bature ɗan wasan kwaikwayo da wani ɗan ƙasarmu haifaffen Jidda su suka jawo mini. Zan rubuta yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Mun tashi daga Haɗejiya ni da maƙwabcina Malam Ilu tela, mutum mai kirki amma mai kaifin baki. Babbar mota ta kai mu Yerwa, wata ta kai mu bakin iyakar Cadi. A nan ma'aikata masu jin Faransanci suka ce sai an yi mana lamba. Muka naɗe hannun riga muka nuna musu tabon wadda aka yi mana a gida, ko gama warkewa ba ta yi ba. Suka duba, suka gyaɗa kai, suka sake tsaga mu a ɗaya hannun. Malam Ilu ya ce da Allah ya yi mu da hannu uku da sun nemi na ukun.

Gaba da nan hanya yashi ce zalla. Mota ta kafe, a sauka a tura, a hau, ta sake kafewa. A wata saukar na yi gaggawa na diro, gwiwata ta hagu ta gurɗe. Wani Shuwa ya ɗaure mini ita da tsumma, ta lafa, amma tun daga ranar ba ta lanƙwasuwa sosai. In na zauna tahiya sai in miƙe ƙafar gefe, in na tashi sai na dafa ƙasa. Ku riƙe wannan, don zai shigo cikin labarin.

A ƙasar Sudan muka fara cin kisra, wato tuwo ne mai tsami da aka shimfiɗa ya yi sirara kamar takarda. Malam Ilu ya ce shi bai san ko ci zai yi ko rubutu ba. Mutanenmu kuwa ga su nan ko'ina a gonakin auduga, waɗanda iyayensu suka fito haji hanya ta riƙe su. Wani tsoho da ya ji daga Haɗejiya muke ya kama hannuna yana tambayata wata rijiya a bayan kasuwa, ko har yanzu ruwanta na da zaƙi. An daɗe da cike rijiyar nan. Na ce masa na bar mutanen unguwar lafiya.

Jirgin ƙasa ya kai mu gaɓar teku, aka tsare mu a sansanin duba lafiya, sannan muka shiga jirgin ruwa. Ba zan faɗi abin da teku ta yi wa cikina ba. Da muka sauka Jidda wakilin alhazai ya karɓe fasfo ɗinmu duka ya zuba a buhu, don can mahajjaci ba ya motsawa daga gari zuwa gari sai cikin ayari, da izinin wakili. Larabcina na littafi kuma bai amfane ni a kasuwa ba. Na nemi ruwa wajen wani mai jaki da cikakken nahawu, ya saurare ni har na gama, ya ɗaga hannu ya ce amin.

Aikin haji Allah ya sa mun yi shi lafiya, kuma ba shi nake son ba da labari ba. Bayan mun gama muka komo Jidda jiran motocin Madina.

Ba mu sauka a sansanin alhazai ba. Akwai wani mutumin garinmu da ya je da ƙafa tun zamanin iyayenmu, ya zauna a unguwar Ruwais kusa da teku har ya rasu. Ɗansa Bakur, wato Abubakar a bakin mutanen can, shi ya karɓe mu. Direba ne a wani kamfanin Turawan Ingila masu sayar da injinan ruwa. Hausarsa rabi Larabci ce, yana kirana Ammi, wato baffa. Da safe ya kawo mana wake dafaffe da man zaitun da gurasa mai faɗin faifai, da dare mahaifiyarsa ta aiko da tuwo miyar kuka, kukar da take ɓoyo kamar zinariya. Ba zan ci amanar abincinsa ba: ya ciyar da mu.

Wata rana da hantsi ya shigo ya durƙusa.

"Ya Ammi, akwai wani Nasrani, ƙanen maigidanmu na wurin aiki. Ya zo daga Ingila. Yana so a koya masa salla."

"Salla?"

"Salla, alwala, kullu, duka. Ya gan ka jiya a bakin masallaci, ya ce kai yake so."

"Ya ce yana son Musulunci?"

"Ammi, wanda ya ce a koya masa salla, me kuma yake so?"

Ku dubi wannan amsa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa a garinmu ban taɓa jin wanda ya nemi a koya masa alwala don wani abu ba addini ba. Bamaguje in ya zo ya ce a nuna masa salla, aski ake yi masa a raɗa masa suna.

Da la'asar ya kawo shi. Dogo ne, siriri, bai fi shekarun ɗana na fari ba, sunansa Danis. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a ƙasa. Saboda kyan fuskarsa na ce zan riƙa kiransa Yusufu, ya yi murmushi ya maimaita sunan. Ba ya jin Hausa, Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba, don haka duk maganarmu ta bakin Bakur take bi.

Na koyar da yara da manya shekara da shekaru, ban taɓa ganin mai ɗauke abu kamar yaron nan ba. Sau ɗaya na yi alwala a gabansa ya yi ta daidai. Fatiha kuwa aya aya yake karɓa, kamar ana zuba ruwa a tulu. Idonsa ba ya kan bakina kaɗai. Yana kan yatsuna in ina jan carbi, yana kan kafaɗata, yana kan yadda nake gyaran murya kafin in yi magana. Ya roƙi in nuna masa naɗin rawani, na nuna masa, har na ba shi rawanina na biyu kyauta. Na ɗauka ƙauna ce.

Abu ɗaya ya dame ni. In ya zauna tahiya sai ya miƙe ƙafar hagu gefe, in zai tashi ya dafa ƙasa.

"Bakur, gaya masa wannan ba ya cikin salla. Ciwona ne. Shi ƙafarsa lafiya lau, ya lanƙwasa ta."

Bakur ya yi masa Turanci, yaron ya gyaɗa kai, ya lanƙwasa. Washegari ya sake miƙewa. Na ce yarinta ce.

Ana haka motocin farko na Madina suka zo. Malam Ilu ya ɗaure kayansa ya tsaya a kaina.

"Malam, tashi mu tafi."

"Akwai ayari na biyu. Yaron nan saura kaɗan. In na tafi yanzu wa zai ƙarasa shi?"

"Kai da akuyar gidanka ma ba ka iya hana ta shiga gonar mutane, kai ne za ka musuluntar da Ingila?"

"Ka san ladan wanda Allah ya shiryi mutum ɗaya ta hannunsa."

"Na sani. Na kuma san ka sayar da gonarka ta fadama don ka ga Madina, ba don ka ga Bature ba."

Ya tafi, na zauna. Kullum in na tambayi Yusufu yaushe zai yi kalmar shahada, Bakur ya juya maganar, yaron ya amsa da fara'a, Bakur ya ce, "Ya ce ƙarib, ya Ammi, ya kusa." Ranar da ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba gyara, hawaye suka zubo mini a gabansa. Ya tsaya yana kallona, bai ko ƙifta ba.

Sai ɗan aiken wakili ya zagayo yana shela cewa ayarin ƙarshe zai tashi ran Laraba, wanda ya rasa shi ya rasa. Na fara haɗa kaya. Bakur ya riƙe jakata.

"Ammi, ran Alhamis zai tsaya gaban yayansa da duk mutanensu ya nuna abin da ka koya masa. Ya ce lazim, dole kana wurin."

"Madina fa?"

"Halas, an gama, wannan a wuyana. Motar kamfani, ni zan tuƙa ka da kaina, har ƙofar masallacin Annabi."

Na yi tunanin yaro shi kaɗai gaban danginsa yana barin addininsu, ba kowa a bayansa. Na ajiye jaka. Ran Laraba ina tsaye a bakin titi motocin suka wuce ni, alhazai suna ta salati.

Alhamis bayan la'asar Bakur ya kai ni gidan Turawan. Wani fili ne a kewaye da katanga, an jera kujeru, an kafa dandamalin katako a gaba. Maza da mata a cakuɗe, matan hannuwa a waje suna busa taba. Aka zaunar da ni a gaba, aka ba ni lemo. Waɗansu suka hau suka yi ta surutu da Turanci ana dariya, ban gane komai ba, ina ta addu'a Allah ya ƙarfafi zuciyar Yusufu.

Can sai wani tsoho baƙi ya fito daga bayan labule yana ɗingishi, da farin gemu da carbi. Wallahi na ɗauka mutumin ƙasarmu ne, har na yunƙura zan gaishe shi. Sai ya yi gyaran murya. Muryata ce. Na dubi kansa na ga rawanina. An shafa masa baƙin mai a fuska da hannu, an manna masa gemun auduga.

Ya fuskanci mutanen, ya ba Makka baya, ya ta da kabbara. Ya karanta Fatiha da harshena na Haɗejiya, har da inda numfashina ke yankewa. Ya yi ruku'u, ya yi sujada a kan katako ba alwala, ya zauna ya miƙe ƙafar hagu. Da ya ɗaga hannu addu'a, hawaye suka gangaro kan baƙin man nan, daidai yadda nawa suka gangaro. Wurin ya yi tsit. Wata Baturiya kusa da ni tana share ido. Da ya shafa addu'ar suka miƙe tsaye suna tafi, waɗansu suna juyowa suna tafa mini ni ma.

A garinmu muna da 'yan kama. Suna naɗa rawani su kwaikwayi malamai, su yi wa'azin tuwo da nama, mu yi dariya mu ba su kyauta. Amma ɗan kama da ganinsa ka san ɗan kama ne, ba ya zuwa gidanka a ɗalibi, kuma ko mahaukacin cikinsu ba ya taɓa salla.

Ban san lokacin da na hau dandamalin ba. Na kama bakin rawanin na warware shi daga kansa. Tafi ya tsaya. Na kira Bakur.

"Zo nan. Abin da na faɗa za ka faɗa masa, abin da ya faɗa za ka faɗa mini. In ka rage ko ka ƙara, na bar ka da Allah. Tambaye shi, shi Musulmi ne?"

Bakur ya tambaya. Yaron ya dube ni da mamaki.

"Ya ce a'a. Ya ce bai taɓa cewa zai zama ba."

"To me ya kawo shi gabana?"

Nan na ji tarihinsa, a tsaye, gemun auduga na reto a haɓarsa. Ya ce ubansa mai haƙar kwal ne. Shi kuwa tun yana yaro ya gudu wani gidan wasa, inda mutane ke biya su zauna su kalli waɗansu suna kwaikwayon rayuwa. Ya fara da shara da jan labule. Wata rana mai fitowa a tsoho ya kwanta ciwo, aka manna masa gemu aka tura shi, mutane suka fita ba wanda ya san yaro ne. Daga nan ya zama shi ne tsohon kowane wasa, daga ƙananan garuruwa har babban birninsu. A can wani mai shirya silima ya gan shi, ya ce zai sa shi a wani babban fim, ya fito a tsohon malami baƙar fata mai jagorar matafiya. Ya ce wannan ita ce ƙofar da ɗan wasa ke jira duk rayuwarsa, in ta rufe ba ta sake buɗewa.

"Ya ce a kan dandamali mutane suna nesa, gemu da sanda sun isa. Amma na'urar silima tana zuwa har gaban hancinka, tana ganin yatsa, tana ganin ƙiftawar ido, ba a yi mata ƙarya. Shi ya sa ya zo wurin yayansa ya nemi tsoho na gaske. Ya ce girmama ka yake yi, ya Ammi. Ya ce duk duniya za ta ga yadda Musulmi ke salla da kyau."

"Ya gaya maka haka tun farko?"

Bakur ya sunkuyar da kai. "Ya gaya mini."

"Da nake tambayarsa shahada, me kake ce masa?"

"Ina ce masa ka yaba da ƙoƙarinsa." Ya fashe da kuka. "Ammi, maigida ne ya ce in samo malami. Wane malami zai yarda in na faɗi gaskiya? Aikina, iyalina..."

"Ka ci tuwo ɗaya da ni, ka ga motocin Laraba sun wuce ni, ka koma gida ka yi barci?"

Ban jira amsarsa ba, na juya ga Baturen. Wani zai ce shi ba shi da laifi tun da an ɓoye masa. Ban yarda ba, kuma na gaya masa.

"Ce masa, ido irin nasa da ya ga yadda yatsana ke jan carbi, ya ga inda numfashina ke yankewa, bai ga abin da nake jira daga gare shi ba? Ranar da na yi kuka a gabansa ya ɗauka don me nake kuka? Ya tsaya yana kallona yana auna ta inda hawayen ke gangarowa."

Bakur ya faɗa masa. Da aka gaya wa yaron zancen Madina ya dafe kai, ya je ya yi magana da yayansa, suka ce mota tana nan da asuba.

Ina so ku san na haɗiye fushina na shiga motar nan. Da kare ne zai ja ni zuwa Madina da na bi shi. Bakur na tuƙi, ina baya. Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da shingen askarawa. Suka nemi izinin wakili. Babu. Bakur ya yi ta Larabci, ya ambaci kamfani, ya ambaci maigidansa. Babbansu ya ce an riga an kira jirgin mutanen Sudan da Najeriya, mahajjacin da aka kira jirginsa ba ya fita Jidda. Na sauko na yi masa magiya da Larabcina na littafi, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya sa da rabon wata shekara. Na tsaya na dubi kwaltar da ta miƙe arewa, sannan muka juyo.

Ban sake kwana a gidan Bakur ba. Na kwashe kayana na koma sansanin alhazai, na kwanta a kan siminti cikin jama'a. Baturen ya zo nemana har sau biyu, na ce a ce masa ba ni da abin da ya rage da zai ɗauka.

Malam Ilu ya dawo ana gobe jirgi zai tashi, cikin hayaniyar kaya, ba mu sami zama ba sai da muka hau teku. Ya zauna kusa da ni a saman jirgi ya buɗe ƙullin dabinon Madina. Fuskarsa ta sauya, har bakinsa ya yi sanyi.

"Da ban gan ka a ayari na biyu ba na san aikin ne ya riƙe ka," in ji shi. "Na yi maka ba'a, ka yafe mini. Amma ban manta da kai ba. Da na tsaya gaban kabarin na yi sallamata, sai na yi taka. Na ce, ya Manzon Allah, maƙwabcina Haruna yana gaishe ka. Bai zo ba ne don yana Jidda yana shigar da wani Nasara addininka, in Allah ya so ka sami ƙarin mutum ɗaya a al'ummarka." Ya miƙo mini dabino. "To, yaya Yusufun namu? Ya yi shahadar?"

Na karɓi dabinon na riƙe.

Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba gonar fadama ba, ba gwiwa ba. An tsaya a wuri mafi tsarki bayan Ka'aba an faɗi abin da ba haka yake ba, da sunana, ta bakin mutumin da bai san komai ba. Na ji an ce fim ɗin ya fito, yaron ya yi suna, har ana nuna shi a Kano. Kada wanda ya zo ya ba ni labarinsa. Ni dai na gaya wa 'ya'yana, in Allah ya ara mini kwana zan koma ko da rarrafe, kuma ba zan tsaya gaisawa da kowa a Jidda ba. Ina da maganar da zan gyara a Madina da bakina.

Allah ya karɓi hajjin waɗanda suka je, ya kira waɗanda ba su je ba, ya sa ni a cikinsu.